Wai boko kyauta ne? A zo Muda Lawal a gani

Jiya da hantsi, wajen ƙarfe goma, na yi kiciɓis da ɗan marigayi yayana a kasuwar Muda Lawal ta Bauchi yana tura baro, an lafta masa buhun albasa biyu. Shekararsa goma sha ɗaya. Silifas ɗinsa ya tsinke ya ɗaure da leda, wandon makaranta ne ma a jikinsa. Na ce kai, me ya fito da kai daga aji? Ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, koro mu aka yi, sai mun kai kuɗin PTA da na jarabawa." Yau kwana tara ke nan. Uwarsa nauyi ya hana ta gaya mini, don ni na biya na zangon da ya wuce.

Makarantar gwamnati ce fa, jama'a, ba ta kuɗi ba! Yau kuɗin PTA, gobe na jarabawa, jibi na katin sakamako, gata a zo da tsintsiya da fartanya. Duk ƙanana ne, na sani, amma a tara su a ɗora wa matar da mijinta ya rasu ya bar mata yara biyar tana suyar awara a ƙofar gida, sai a ga ƙanƙantarsu.

Na rufe shago na tafi makarantar, raina a ɓace. Ajinsu babu benci ko ɗaya, yara zube a ƙasa har bakin ƙofa, iska ta yaye rabin kwanon tun daminar bara. Hedimasta ya bari na gama faɗa sannan ya ce, "Alhaji, ba alli, ba rajista, ba a aiko mana komai ba. Da me zan riƙe makaranta?" Gaskiya sai jikina ya yi sanyi. Shi ma bawan Allah cikin wahalar yake. Amma don me maraya zai biya bashin da ba shi ya ci ba?

Abin da ke ƙona mini rai shi ne dokar tana nan a rubuce. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. Ta ce wanda ya karɓi kuɗi a kai ya yi laifi, tarar da za ta iya kaiwa naira 10,000 ko ɗaurin wata uku. Wa aka taɓa kamawa? Ita dai dokar ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, wato UBEC, aƙalla kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, sharaɗin kawai jiha ta kawo nata rabin kafin ta ɗauka. To ina bencin? Ina allin?

Amma kunna rediyo ka ji. Kullum iyaye ne ba su san darajar ilimi ba, iyaye ne ke tura yara talla, za a fara hukunta iyaye. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Wace uwa ce ke son 'yarta mai shekara tara ta ɗauki faranti ta shiga tasha, ƙarti na mata maganar banza? Ƙanwar yaron nan haka take yini, daga Wunti har Ƙofar Gombe, da awara a ka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 abin da uwar ke samu bai isa tukunya ba. Da can abincin da ake ba 'yan firamare a makaranta yana jan yara, ko ba komai an rage wa gida baki ɗaya. Shi ma shiru kake ji. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na biya kuɗin, na karɓi rasit, na ce masa gobe tun da sassafe ya shirya ya koma aji. Na zaci zai yi murna. Sai ya tsaya yana murza hannun baron, can ya ɗago ya ce, "Baffa, to wa zai riƙa kawo wa Inna na masara?"