Kaskon garwashi a ɗakin mai ciki

Sanyi ya shigo Gusau, kuma na san a daren nan akwai ɗakunan da za a shigar da kaskon garwashi, a toshe taga da tsumma, a ja ƙofa. Don Allah, in da mai ciki ko jariri a ɗakin, a daina.

Bara ƙanwata tana da cikin wata bakwai aka kai mata kasko, don tausayi. Da asuba ta tashi kai na sara mata, ga jiri, ga amai. Inna ta ce laulayi ne, ta sha kunu ta kwanta. Sai na ga mijinta ma ya dafe kai a bakin ƙofa. Na ce, "Inna, laulayi ai ba ya kama namiji, mu tafi asibiti." Sa'o'i ta yi da robar oksijin a fuska.

Garwashin da ke ci a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai himogulobin, shi ke dakon oksijin, ita kuwa wannan iska tana kama shi da ƙarfin da ya ninka na oksijin sau 200 da wani abu. Inda ta zauna, oksijin ba shi da wuri.

Abin da ke tayar min da hankali shi ne ɗan da ke ciki. Allah ya ba shi himogulobin nasa na daban, wanda ke riƙe oksijin fiye da na uwarsa. Da haka yake janyo rabonsa ta mabiyiya, tunda huhunsa bai fara aiki ba. To gubar ma ta mabiyiyar take ratsawa. Tana taruwa a hankali har ta fi ta jinin uwa yawa, tana kuma hana ɗan oksijin ɗin da ya rage sauka a ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi. Uwa in ta fito fili, cikin awa 4 zuwa 6 rabin gubar ya fita daga jininta. A jinin ɗan tana daɗewa fiye da haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa "ai ta warware" ba hujja ba ce ta zaman gida. Ko na'urar nan da ake maƙala wa yatsa don auna oksijin tana iya nuna kashi 98 cikin ɗari alhali jini cike da guba, don ba ta bambance gubar da oksijin.

Mai jego ma haka. Jariri yana zuwa da wannan himogulobin nasa na daban, sai wajen wata shida na manya ke maye gurbinsa, amma a kwanakin jego ne muke gasa ɗaki da wuta. Janareta a zaure ko a ƙarƙashin taga shi ma iskar nan yake fitarwa.

Ƙanwata ta haihu lafiya, alhamdulillahi. Bana tun kafin sanyi ya kankama na kai mata barguna biyu, kaskon kuma yana tsakar gida, nan ake jin ɗumi kafin a shiga barci.