Ku daina auna malami da lambobin Google Scholar

Kun dai ga hoton da ake ta yawo da shi tun shekaranjiya, ba sai na maimaita ba. An ɗauko shafin Google Scholar, wato dandalin da ke ƙirga sau nawa wasu masana suka ambaci takardun binciken mutum, na dattijon da ya koyar da mu kemistiri, an jera kusa da na wani matashi, an zagaye lambobin da jan layi, wai a duba a ga wanda ya fi ilimi. Wallahi raina ya ɓaci. Mutumin da na sha gani da idona yana wanke kwalaben gwaji da kansa bayan la'asar, farar rigarsa duk ta huje da tabon asid, shi ne yau za a wulaƙanta saboda ba a ambaci takardunsa sau dubu ba?

Yawan ambato ba shi ne ilimi ba. Kuma tunda a fannin katalis ake wannan cika baki, to mu tsaya a can.

Katalis shi ne sinadarin da ke sa wasu sinadarai su haɗu da sauri, shi kuma ya fito yadda ya shiga. A 1971 wani Bafaranshe, Yves Chauvin, ma'aikacin cibiyar binciken man fetur ta Faransa, shi da ɗalibinsa Jean-Louis Hérisson, suka bayyana yadda ƙarfe ke kama ƙwayoyin olefin biyu (sinadarai ne masu ɗauri biyu tsakanin kabon da kabon), ya ɓalle ɗaurin da ke tsakanin kabon da kabon, ya sa su yi musayar ɓangarori. Kamfanoni sun daɗe suna ganin abin yana faruwa a tukwanensu, amma ba wanda ya san ta yaya. Da Faransanci suka rubuta takardar, kuma ta yi shekaru kusan ba mai waiwayarta. Chauvin ko digirin dakta ba shi da shi. Da masu jan layin nan suna wurin a lokacin, da sun ce bai iya komai ba.

To a kan wannan bayani Richard Schrock ya gina katalis ɗinsa na ƙarfen molibdinam a 1990, Robert Grubbs ya kawo na ƙarfen rutiniyam a 1992, kuma da su ake haɗa magunguna da robobi a yau. A 2005 aka ba su ukun kyautar Nobel. Shekara 34 takardar nan ta jira. Wace lamba ce za ta nuna muku haka a shekararta ta biyu?

Na san za a ce ai lamba ba ta ƙarya. Ku bar wannan zance. A 2023 labari ya fito cewa Jami'ar Kordoba ta ƙasar Sifen ta dakatar da wani masanin kemistiri nata na shekara 13 ba albashi, saboda yana sa sunan wasu jami'o'in Saudiyya da Rasha a takardunsa. A lokacin yana cikin waɗanda aka fi ambata a duniya, kuma a farkon 2023 takarda yake fitarwa duk bayan awa 37. Ku tambayi duk wanda ya taɓa haɗa katalis: busarwa da gasawa kaɗai kan ci kwana, kafin a zo ga gwaji, kafin a maimaita. Ma'aunin h da kuke taƙama da shi, wato lambar da ke haɗa yawan takardun mutum da yawan ambatonsu, wanda Jorge Hirsch ya ƙirƙiro a 2005, bai san wanda ya kwana a ɗakin gwaji da wanda aka liƙa sunansa a na goma sha biyu cikin jerin marubutan takarda ba. Bai san ambaton yabo da ambaton da aka yi don a ƙaryata ka ba. Duk ɗaya yake ƙirga su.

Wani kuma ya rubuto mini cewa hassada ce. Allah ya ƙara wa matashin nan basira, ba ni da komai da shi. Amma a buɗe takarda ɗaya a karanta. Me ya gano? Wani ya maimaita ya samu abin da ya samu? Katalis ɗin yana jure zafi ko yana mutuwa bayan zagaye uku? Wannan ne tambayar, kuma Malam ne ya koya mana yin ta. Allah ya saka masa da alheri.

Af, ɗazu ina sauke buhunan yuriya na gonar masara sai Alwin Mittasch ya faɗo mini a rai. Shi ne a kamfanin BASF na Jamus ya yi gwaji dubbai har ya dace da katalis na baƙin ƙarfe da ake haɗa amoniya da shi, aka buɗe masana'antar farko a Oppau a 1913. Sai a 2007 Gerhard Ertl ya karɓi Nobel, bayan ya fayyace abin da ke faruwa a saman ƙarfen nan. Kowane buhun da manominmu ke zubawa daga nan ya samo asali, don da amoniya ake yin yuriya.