Yadda Kawu Ya Zama Toka a Hannuna

Duk wanda ya ce wasan kwamfuta sai mai saurin yatsa, bai san irin namu ba. Akwai wasannin da ƙiftawar ido kawai za ka yi a harbe ka. Akwai kuma waɗanda dodo zai ɗaga gatari ya tsaya cak, ya jira ka je ka amsa waya, ka dawo, ka yi tunani, ka sake tunani, sannan ya sauke maka shi a tsakar ka. Waɗannan na biyun su ne nawa. RPG ne, wato wasan da kake jagorantar jaruman labari, na karɓa-karɓa: ka zaɓa wa kowane mutum naka abin da zai yi, abokan gaba su zaɓi nasu, kwamfuta ta jefa ƙuri'a a ɓoye, sai a rubuto maka wanda ya sha duka. Ba gudu, ba tsalle. Lissafi ne da haƙuri, sai baƙin ciki jefi-jefi.

Ɗana, wanda nasa wasannin duk harbe-harbe ne da tseren mota, ya taɓa tsayawa a bayana yana kallo. Can ya ce, "Baba, ya lalace ne?" Na ce lafiyarsa ƙalau. "To me ya sa ba abin da yake motsi?" Na ce ina tunani ne. Ya girgiza kai ya fita, na ji yana faɗa wa mamarsa wai Baba ya taho da aikin ofis gida.

Wanda ya kama ni a 'yan watannin nan tsoho ne tukuf, Wizardry, wanda Andrew Greenberg da Robert Woodhead suka fitar a Amurka a 1981 a kan kwamfutar Apple II. Jininsa na Dungeons & Dragons ne, wasan tebur na 1974 da ake yi da takarda da fensir da wata ƙwaya mai fuska 20. Abin da za ka gani a allo 'yan fararen layuka ne da ke nuna lungu, sauran galibi rubutu da lambobi. Gari ɗaya ne a sama, ƙarƙashinsa rami mai hawa 10, kowane hawa gida 20 a tsaye 20 a kwance. Taswira kuwa babu. In kana so, ka zana abarka.

Mutum shida ake haɗawa su shiga, kai kake raɗa musu suna. A nan na ga bai kamata in tafi neman sunayen baƙi ba alhali ina da dangi. Ukun gaba su ne suke kai sara, su ne kuma suke shan sara. Na sa Kawu a farko, mayaƙi, don a duniya ban taɓa ganin ya ja da baya a gardama ba. Yaya na biye da shi. Ta uku uwargida, mai warkar da raunuka, tunda wasan ya yarda masu wannan sana'a su sa sulke. A baya akwai ƙanena, ɓarawo mai kwance tarkon akwati. Dokar wasan ta hana ɓarawo zama mutumin kirki, sai dai mugu ko tsaka-tsaki, na zaɓa masa tsaka-tsaki saboda zumunci. Sai Gwaggo, mai duba kayan da aka tsinto ta faɗi ko mene ne, aikin da dama ta daɗe tana yi wa kayan kowa ba tare da an roƙe ta ba. A can ƙarshen layi sai ni, mai siddabaru, da doguwar riga da sanda. Mai siddabaru ba shi da jini a jika, mari ɗaya zai kwantar da shi, dole a ɓoye shi a baya. Wannan hujja ce ta ilimi, kuma zan maimaita ta a gaban kowa.

Taswira na samu wurin zana ta a littafin lissafin 'yata, mai ƙananan gidaje. Na ari shafukan baya. Taku ɗaya, gida ɗaya. Bango, layi mai kauri. Ƙofa, ɗan gibi. Na jera lambobi a gefe da kyau yadda ko injiniya ya gani sai ya jinjina.

Wanda bai buga ba zai ce ina daɗin yake. Daɗin yana cikin tsayawar nan da ɗana ya raina. Ka yi nisa da matakala, an rubuto maka cewa ga gungun 'yan fashi a gabanka. Siddabarun sa barci, wanda wasan ke kira Katino, saura biyu gare ka, kuma ba ya dawowa sai ka koma gari ka kwana. In ka kashe ɗaya yanzu, da me za ka koma? In ka yi rowa, jinin Yaya saura kaɗan. In ka ce a gudu, ba lallai gudun ya yiwu ba, kuma in ya ƙi, bayanka za su sara. Ba mai ƙirga maka lokaci, don haka duk abin da ya biyo baya ba za ka ce yatsa ne ya zame ba. Sai an gama faɗan kuma akwati ya bayyana, a sake sabon zama: a buɗe ko a bari? Bayan akwatin ga wata ƙofa da ba ka taɓa shiga ba. Hankali yana cewa a juya gida, zuciya tana cewa wannan ɗayar kawai. Duk wasan a tsakanin waɗannan muryoyi biyu yake, dodannin ado ne.

Ran da abin zai faru, na dawo da yamma na nemi littafi, 'yata ta ce malaminsu ya karɓi na kowa zai duba. Na ce ba komai, hawa na uku ai na san shi kamar yunwar cikina.

Hawa na uku yana da wasu mararraba da in ka taka, sai ƙasa ta juya da kai ka fuskanci wani ɓangare, kuma ba za a sanar da kai ba. Lungunan duk kamarsu ɗaya. Kana tafiya gabas a ranka, ashe kudu ka nufa. Akwai siddabarun da ke faɗa maka gidan da kake tsaye, amma daga rumbu ɗaya yake ci da na sa barci, ga shi lambar gida ba ta da amfani ga wanda taswirarsa ke kan teburin malami. Muka faɗa rami, muka fito, muka sake faɗawa wani da nake kyautata zaton shi ne na farkon.

Muna cikin haka sai ga zomaye. Zomaye fa, masu dogon kunne. Na yi dariya, na ce a kan waɗannan ba zan ɓata Katino ba, na ba ukun gaba umarnin sara, mu na baya mu kare kanmu. Na danna. Layin farko ya ce Yaya ya kai sara ya kuskure. Layi na biyu ya ce zomo ya cire wa Kawu kai.

Na karanta na sake karantawa. Kawu da jininsa cike, da sulken da na tara kuɗi na saya masa. Ashe raina kama ka ga gayya: zomayen wasan nan suna da cizo ɗaya da ba ya duba yawan jini. Kuma da zarar na gaba ya faɗi, sai na baya ya matso, don haka ƙanena ya tsinci kansa a filin daga da 'yar wuƙarsa. Da ƙyar muka gama da su. Sai ga akwati. Ƙanena ya duba ya ce allura ce mai guba, ya sa hannu zai kwance, ashe hayaƙi ne. Mai guba a jika duk 'yan taku sai jininsa ya ragu, mu kuwa taku muke ta yi ba mu san inda muka dosa ba. Ni ne na ƙarshen faɗuwa, abin da ke nuna hikimar tsarin layin.

A Wizardry in duka shida suka faɗi, a wurin ake barinsu. Sai ka haɗa wata tawaga ta je ta kwaso su, kuma dole ta bar gurbi, don wanda za a ɗauko yana cin kujera. Sunayen dangi sun ƙare, na koma kan surukai. Na yi ta horar da su a hawa na ɗaya dare bayan dare, su huɗu, sababbi fil, ko kare ya yi haushi sai sun koma gari jinya.

Ana nan littafi ya dawo. 'Yata ta miƙo min shi fuska a ɗaure. A kan taswirata ta hawa na uku malamin ya rubuta da jan biro: "Wannan aikin wane ne?" A gefe kuma ya zagaye lambobina ya ƙara da cewa an tsallake 13. Ni dai ban nemi shawararsa ba. Na gyara ne kawai don kada yarinya ta ji kunya, sai kuma aka yi dace lungunan da suka daɗe suna ƙin haɗuwa suka haɗu.

Surukai suka yi jigila biyu-biyu har aka kwaso kowa. A garin akwai wani gida da ake kai waɗanda suka faɗi, a biya zinariya gwargwadon matsayin mutum a gwada tashinsa. Gwaji ne, ba alkawari ba. In ya ƙi, mutum ya zama toka. Daga toka ana iya sake gwadawa da kuɗi mafi yawa, in wannan ma ya ƙi, an share sunansa har abada. Saboda girmamawa na fara da Kawu, na juye kusan duk abin da ke aljihu. Allon ya ɗan yi jim. Toka.

Ɗana ya ce in koma inda na ajiye wasan mana. Shi ya saba da irin su Baldur's Gate 3 na 2023, wanda shi ma karɓa-karɓa ne amma kana iya ajiyewa kafin kowace ƙofa. Na ce masa nan babu wannan, 'yan wancan zamanin ma sai dai su kwafi faifai su ɓoye. Ko Japanawa da suka ɗauki salon sun rage masa zafi: a Dragon Quest na Yuji Horii, na 1986, in ka faɗi sarki ne zai yi maka faɗa, a raba kuɗinka biyu, ka ci gaba da harkarka. Ni kuwa na zaɓi gidan da ba a ragi. Na dafe kai na ce da ƙarfi, "Shi ke nan, Kawu ya zama toka!"

Ƙaramar 'yata tana wurin. Kuma ita ce mai ɗaukar wayata in ta yi ƙara ina wanka.

Washegari da yamma sai ga sallama. Kawu ne da kansa, ko zama bai yi ba.

"Kai, zo nan. Na kira jiya, an ce min wai na zama toka."

"Allah ya huci zuciyarka, Kawu, wasa ne na kwamfuta."

"Na san wasa ne, ai ga ni tsaye. Nuna min."

Na buɗe masa. Ya sa tabarau ya bi sunayen da yatsa. Ya tambayi wa ya kashe shi. Na so in ce wani ƙaton dodo ne, ɗana ya riga ni: "Zomo ne." Kawu ya cire tabarau ya dube ni, ya mayar.

"Kai kana ina lokacin?"

"Ina baya, Kawu. Mai siddabaru ba shi da..."

"Ni da furfurata ka tura gaba, kai ka laɓe bayan Gwaggonka?"

Uwargida da ta shigo gaishe shi ta leƙa allon, ta ga sunanta na uku, ta ga kalmar da ke gabansa. Ta ce, "Maigida, ni ma a gaba ka sa ni? Kuma har yanzu ina kwance ba a ko gwada tashina ba?" Na fara bayanin sulke, ba wanda ya saurara.

Kawu ya ja kujera ya ce in koya masa dokokin. Mutumin da saƙon waya ma sai an rubuta masa, cikin ɗan lokaci ya gane komai, don ba abin da ake nema a wurinsa sai shawara, ita kuwa yana da ita har ta yi yawa. Ni ke danna maɓalli, shi ke ba da umarni. Kafin kowane zagaye sai ya tambayi jinin kowa, da siddabaru nawa ya rage, da taku nawa ne zuwa matakala. Ya hana buɗe akwatin da ba a tabbatar da tarkonsa ba. Da jinin mutum ɗaya ya kai rabi sai ya ce a juya gida. Na nuna masa wata ƙofa na ce wannan ɗayar kawai, ya ce ƙofa ba ta da ƙafa, gobe ma tana nan. Surukai a ƙarƙashinsa ko ƙwarzane mai kirki ba su samu ba, zinariya kuma ta fara taruwa. Ɗana da ke cewa wasan ba ya motsi, shi ne ya karɓi fensir yana zana taswira.

Kuɗin ya ɗan gaza, sai Kawu ya ce a kai sandata kanti a sayar. Na ce mai kantin rabin kuɗi yake biya. Ya ce ko kwata ne a karɓa. Aka biya, kowa ya yi tsit, allon ya yi jim ɗinsa, sai ga Kawu ya tashi garau. Na gaske ya gyara zama ya ce dama ya san ba zai tafi a hannun zomo ba.

Sannan ya tsara yadda za a tashi sauran: uwargida, Gwaggo, Yaya, ƙanena, ni a ƙarshe in kuɗi ya ragu. Da ya miƙe zai tafi na raka shi bakin ƙofa, ya ce ranar Asabar zai dawo, kada a taɓa masa tawaga.

"In an tashe ka kuma, kai ne na ɗaya a layi."

"Kawu, mari ɗaya fa zai kwantar da ni."

"To ka yi tunani da kyau kafin a mare ka. Ba ka ce wasan yana jira ba?"