Ƙofar Menin da ƙarfe takwas na dare

A garin Ypres na ƙasar Beljiyam akwai wata ƙatuwar ƙofa da ake ce wa Ƙofar Menin, an buɗe ta ranar 24 ga Yuli 1927, kuma jikin bangonta ba komai sai sunaye, sama da 54,000, na sojojin Birtaniya da ƙasashen da ke ƙarƙashinta waɗanda suka mutu a fagen dagar wannan yanki lokacin yaƙin duniya na ɗaya amma ba a san kabarinsu ba. Taɓo da ruwan bama-bamai sun haɗiye su. Sunayen ma bangon bai ɗauke su duka ba, sai da aka kai ragowar kusan 35,000 maƙabartar Tyne Cot.

Ni dai abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne tun 1928 kullum ƙarfe takwas na dare ana tare hanya, motoci su tsaya cak, 'yan kwana-kwanan garin su fito su busa begila don waɗannan mamata, ko ana ruwa ko ana sanyi. Mamayar Jamus ce kaɗai ta katse abin daga 1940, kuma a daren da sojojin Folan suka ƙwato garin a Satumban 1944 aka koma busawa, alhali ana jin harbi a wani ɓangaren garin. Wallahi duk wanda ya taɓa jiran ɗan'uwan da ya fita bai dawo ba zai gane nauyin wannan. Uwa ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, amma akwai suna da za ta ɗora hannu a kai.

To a nan fa nake da magana. Hukumar kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, wato ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, wadda ke kula da ƙofar, ita da bakinta ta amince a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko bangon tunawa ba, wasu 'yan dako ne wasu sojoji, kuma ai kakanninmu na rundunar Najeriya sun yi wannan yaƙin a Kamaru da gabashin Afirka. Haƙuri an bayar, na ji. Amma ni abin da nake jira shi ne a tono tsofaffin rajistocin yaƙin a sassaƙa sunayen a dutse kamar na Ypres, a inda jikokinsu za su iya zuwa su karanta.