Jinin ne bai kai ba, jama'a

Tun jiya nake danne zuciyata, na kasa. Kun dai ga bidiyon, ba sai na maimaita ba. Mutum ya tsaya kan likita yana zazzaga mata masifa a gaban marasa lafiya, wani na gefe yana ɗauka a waya, wai don ta ce yau ba za a sa wa mahaifiyarsu ruwan kemo na ciwon daji ba, su dawo mako mai zuwa. Shi mai ihun ban riƙe shi da yawa ba, wanda uwarsa ke kwance hankalinsa ba a jikinsa yake ba. Ku 'yan sharhi ne kuka ƙure ni. "Kuɗi take nema." "Don ta ga talakawa ne." Wani ma cewa ya yi ai wannan ba likita ba ce, 'yar lab ce, aikinta leƙen madubi. Sannunku da ƙoƙari, farfesoshin Facebook. Allah ya ƙara ilimi.

Jinin ne bai kai ba. A cikin bidiyon ma ta faɗa har sau biyu, hayaniya ce ta hana ku ji.

Ruwan kemo ba ruwan maleriya ba ne da za a rataya maka a kemis ka tashi ka hau keke-napep. Guba ce da aka auna. Tana bin duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa a jiki ta kashe, ba ta tantance ta ciwon daji da ta ɓargo, shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo. Kuma a ɓargo ake ƙera fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki. Kwana 7 zuwa 14 bayan an sa ruwan sukan faɗi ƙasa warwas, sannan su fara farfaɗowa, dalilin da ya sa yawanci ake ba da tazarar mako uku ke nan. Idan ranar ta zo aka auna aka ga ba su dawo ba, ka ƙara wani ruwan a kai, to ƙwayar cutar da ni da kai za mu yi atishawa biyu mu wuce ita za ta kai mara lafiya kushewa. Wannan likitar ran uwar mai ihun ta tsare, ku kuma kuna ta tsine mata.

Na san abin nan ne don na yi jinyar Goggona wata tara. Mu ma an taɓa mayar da mu. Ranar tun asuba muka fito daga Unguwar Rogo cikin sanyin Disamban Jos, na naɗe ta da bargo biyu, maganin da muka sayar da fili muka saya yana cikin kula a kan cinyata. Likitan ya dubi takardar gwaji, ya cire tabarau, ya durƙusa daidai kujerarta ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, jininki bai shirya ba. In na sa miki yau, na cuce ki." Wallahi a lokacin ji na yi kamar in shaƙe shi. Goggo ce ta ce, "Likita, kai ka sani, Allah ya yi maka albarka." Ita da ba ta taɓa shiga aji ba ta fi ni fahimta.

Kun san kuwa shekara nawa mutum ke yi kafin ya isa ya faɗi wannan magana? Shekara 6 a jami'a, in yajin aikin ASUU bai ƙara masa ba, kamar na 2022 da ya ci wata takwas. Shekara guda ta horon asibiti, shekara guda bautar ƙasa. Sannan ya zauna jarrabawar shiga horon ƙwarewa, ta kwalejin likitoci ta ƙasa da ke Legas ko ta Afirka ta Yamma, ya nemi gurbi, ya yi wasu shekara biyar ko shida yana kwana a asibiti, da manyan jarrabawa biyu a gabansa da bincike da zai rubuta ya kare. Ku lissafa. Wadda kuka kira 'yar lab ɗin nan, ita ce ke soka allura a ƙashin ƙugu ta zuƙo ɓargo, ta shafa a gilashi, ta duba ta gane wace irin sankarar jini ce, don maganin wata ba ya yi wa wata. Ita ce dai ke ganin masu sikila, a ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 da cutar duk shekara.

Na san za ku ce ai likitoci ma suna wulaƙanta mutane. Eh, akwai. Sai me? Ku rubuta naku a kansu, ni yau ba wannan ya kawo ni ba. Za ku ce da ta yi masa bayani a hankali. Da wane bakin, ana yi mata ihu a ka? Jinin bai kai ba, ko da murmushi ta faɗa, ko da ɗaure fuska, sakamakon gwajin bai canza ba. Kuma irinsu nawa suka rage mana? Abokan karatunta suna Saudiyya da Ingila. Ita ta zauna, mun saka mata da bidiyo.

Allah ya ba baiwar Allahn nan da ke kwance lafiya, ya sa ruwan ya karɓe ta. Da gaske nake, tun jiya tana raina.

Af, tunda ana maganar jini. Lokacin da aka ce a kawo wa Goggo leda uku, dangi sun fi ashirin a bakin ɗaki, kowa da kwanon abinci. Ana cewa a zo a gwada, wannan ya tuna yana da olsa, wancan ya ce bai karya ba, ɗaya ya tafi sallah har yau bai idar ba. Wani ɗan acaɓa Birom da ya kawo ni ne ya naɗe hannun riga. Na saya masa Maltina da madara, ya ƙi karɓar kuɗin mai. Lambarsa ta tafi da wayar da aka zare mini a Taminus, in wani ya san mai jan babur da ke tsayawa wajen Farin Gada, ɗan gajere mai wushirya, don Allah ya yi mini magana.