"Ka je kasuwar duniyar ka sha"

Jiya da la'asar wani yaro da bai kai ɗana na fari ba ya ci min mutunci a gidan mai, gaban jama'a, kuma har yanzu abin na cin raina.

Minti arba'in na yi a layi ina tura mashin, don kada ɗan abin da ya rage a tanki ya ƙone. Da na iso famfo na miƙa masa naira dubu biyu. Ya kalli kuɗin, ya kalle ni, ya ja tiyo ya nufi wata mota da ta shigo ta ƙofar fita. Na ce, "Samari, ni ne a kan layi." Bai ko waiwayo ba. Sai da ya cika tankin motar taf, ya karɓi na goro, sannan ya dawo yana taunar cingam. Ya ɗiga min abin da bai fi lita biyu ba. Na tambaye shi cikin mutunci, "Na ji a rediyo farashin ɗanyen mai ya sauka a kasuwar duniya, ku ba ku rage ba?" Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "To Baba, ka je kasuwar duniyar ka sha mana. Matsa, ka tare hanya." 'Yan bayana suka yi dariya. Ni da furfurata, shekara ashirin ina koyar da irinsa karatu!

Na fasa rama masa, domin waɗanda suka jefa mu a wannan hali ba su riƙe tiyo. Kasuwar duniyar nan, in ta hau, kafin gari ya waye an sauya lamba a famfo, an ƙara kuɗin mota, kwanon shinkafa ya bi sahu. In ta sauko fa? Sai a ce tsohon kaya ne a rumbu. A 2022 da Rasha ta afka wa Yukren, gangar ɗanyen mai ta haura dala 120, man gas ya ninka fiye da sau biyu, masu injin niƙa da gidajen burodi suka ɗora mana. Wa ya mayar da kuɗin niƙa yadda yake da ganga ta sauko? Ko a 2020, lokacin korona, da ɗanyen mai ya faɗi warwas, daga naira 145 zuwa wajen 121 kawai aka rage litar fetur, kuma shekarar ba ta ƙare ba sai da ya wuce 160.

Abin da ya fi ƙona min rai, tun 1956 aka gano mai a Oloibiri da ke jihar Bayelsa ta yau, amma shekara da shekaru muna loda ɗanye a jirgi, mu sayo tatacce da dala kamar ƙasar da ba ta da ko ɗigo. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 tana nan kwance, biliyoyin gyara sun bi ruwa, ba a ɗaure kowa ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka cire tallafin fetur da jimla ɗaya, lita ta tashi daga ƙasa da 200 ta haura 500 a Kano. Makonni kaɗan bayan nan aka saki naira, dala ta yi sama, sai ya zama duka biyu: ganga ta doke mu, dala ta ƙara. Aka ce mu jira matatar Ɗangote. Ta fara fitar da fetur a 2024, amma ita ma da farashin duniya take sayen ɗanyen, har daga Amurka take shigo da shi.

Ku masu mulki, kun ce kuɗin tallafin zai dawo mana ta wata hanya. Ta wace hanya? Ina motocin haya masu sauƙi? Mafi ƙarancin albashi dubu 70, ko tankin motar da aka tsallake ni dominta zai cika sau biyu? Ku da ake zuba wa jerin gwanon motocinku mai da kuɗinmu, ku fito ku gaya mana inda rarar take shiga duk ranar da ganga ta sauka. Ni dai lita biyun nan jibi za ta ƙare, kuma gidan man nan ne kaɗai a kan hanyar makarantarmu.