Akwatin milimita 16 da ya sa na fasa bangon sabon gida

Ina rubuta wannan ƙorafi ne alhali ƙurar siminti ba ta gama kwantawa a falona ba, kuma raina a ɓace yake matuƙa, domin bangon da aka yi wa yaɓe aka shafe da fenti watanni huɗu kacal da suka wuce, yau ga shi da ramuka kamar rumbun da ɓera ya yi wa ɓarna. Abin da ya jawo wannan asara bai cika tafin hannu ba. Ɗan akwatin nan ne da ake binnewa a cikin bango, wanda ake ɗaure makunnin wuta a kansa, wayoyi kuma su naɗe a cikinsa.

Lokacin da ginina na unguwar Zariya a Maradi ya kai ga jan waya, na kira mai aikin wuta na faɗa masa tun ranar farko cewa ina son makunni mai rage haske a falo da kuma ɗakin mahaifiyata, saboda idanunta ba sa jure haske mai ƙarfi da dare, ga shi kuma ba ta son kwana cikin duhu. Ya ce da ni, "Alhaji, kwantar da hankalinka, ai wannan aikinmu ne." Bai nemi ganin makunnin ba, bai tambayi inda zan saye shi ba, sai kawai ya tafi kasuwa ya kwaso akwatunan da suka fi arha, ya binne su, magini ya bi bayansa da yaɓe.

Duk wanda yake cin abinci da wannan sana'a a Maradi ya kamata ya san cewa kayan wuta iri biyu ne suke gwamuwa a shagunanmu. Akwai na tsarin Faransa, wanda akwatinsa kewayayye ne, faɗinsa kimanin milimita 67, zurfinsa kuma yawanci milimita 40 ko 50. Akwai kuma na tsarin Ingila da ke shigo mana daga Kano da Katsina ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, wanda akwatinsa mai kusurwa huɗu ne, fuskar makunnin milimita 86 kowane gefe, zurfinsa kuwa hawa-hawa ne: 16, 25, 35 da 47. Abin da ke yaudarar mai gaggawa shi ne tazarar da ke tsakanin ramukan sukuru biyu kusan ɗaya ce a tsarin biyu, wato wajen milimita 60, don haka yana kara makunni a baki sai ya ga kamar ya dace, ya manta cewa abin da ke bayan makunnin ne zai shiga rami. Mutumin nan ya binne mini kewayayyu a ɗakunan kwana, masu kusurwa huɗu a falo, kuma na falon duk masu zurfin milimita 16 ne, don su ne ba sa buƙatar dogon sara a jikin bulo.

Akwatin milimita 16 makunni na kullum kawai yake ɗauka, wanda bayansa siriri ne, shi ma da ƙyar idan wayoyi sun yi yawa. Makunni mai rage haske kuwa yana da ƙullutu a bayansa inda na'urarsa take, kuma na'urar tana ɗumama idan tana aiki, saboda haka mafi ƙarancin abin da yake so shi ne milimita 25, mai hankali kuwa 35 yake sa masa domin wayoyi su samu wurin lanƙwasa ba tare da an matse su ba. Wannan bayani ba a ɓoye yake ba, a jikin takardar da ke cikin kwalin makunnin aka rubuta shi, takardar da na ga mai aikin wutar ya dunƙule da idona ya jefar a ƙasa.

Ranar da ya zo ɗaurawa, makunnin ya ƙi shiga. Maimakon ya tsaya ya ce ya yi kuskure, sai ya cusa wayoyin da gindin sukurudireba, ya danne fuskar da babban yatsa, ya nemo dogayen sukuru ya murɗa har robar ta fara ƙara. Da na nuna masa tazarar da ta rage tsakanin makunnin da bango, wadda ƙwayar ashana za ta shige, sai ya ce mini bangon ne bai miƙe ba, laifin magini ne. A ɗakin mahaifiyata kuwa, da yake ƙullutun mai kusurwa ne akwatin kuma kewayayye, wuƙa ya sa ya fafe gefen akwatin har ya samu ya tura shi. Na biya shi cikon kuɗinsa a ranar, kuma wannan wauta tawa ce, na amsa.

Bayan makonni uku, wata rana da magariba, matata ta ce tana jin ƙaurin roba a falo. Na taɓa makunnin na ji shi da zafi kamar murfin tukunya, na yi maza na kashe wutar gidan gaba ɗaya. Na kira mai aikin wutar a waya har sau bakwai. Da farko ya ce yana zuwa, daga baya ya ce kayan da na sayo ne jabu, daga ƙarshe wayar ta daina shiga. Wani dattijo mai irin sana'ar da maƙwabcina ya haɗa ni da shi ne ya kwance makunnin washegari, ya haska mini da tocila. Na ga jar waya ta matsu tsakanin ƙullutun da gefen ƙarfen akwatin, robarta ta yanke ta yi baƙi, jan ƙarfen yana leƙowa. Ramin da wayoyin suka biyo ba a sa masa zoben roba ba, bakinsa kaifi gare shi kamar gwangwanin tumatir da aka buɗe, kuma akwatin ƙarfen ba a haɗa shi da wayar ƙasa, wadda ke kare mutum daga jan wuta, ba ko kaɗan. Dattijon ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, Allah ne ya tsare, da yaro ya taɓa sukurun nan da jiƙaƙƙen hannu da wani labarin ake yi."

Gyaran ba shi da wata dabara sai fasa bango. An sare yaɓen, an ciro tsofaffin akwatuna, an ƙara zurfin ramuka, kuma da yake bulonmu mai rami ne, a wuri ɗaya guduma ta zarce har ta ɓula ɗakin da ke baya. Na sake sayen siminti da yashi, na sake biyan magini, zan kuma sake biyan mai fenti, wanda tun yanzu ya gaya mini cewa launin ba zai zo daidai da na da ba. Bambancin kuɗi tsakanin akwatunan da aka binne da waɗanda suka dace, duka gidan, bai kai kuɗin buhun siminti ɗaya ba.

Masu shago ma ba zan wanke su ba, domin ka je ka ce a ba ka akwatin makunni, babu mai tambayarka na wane makunni ne, sai a damƙo maka daga cikin kwali a ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kuma mai sayarwa ya fi kowa sani tunda farashinsu ma ba ɗaya ba ne.

Jiya na hango mutumin a bakin wani sabon gini da ke kan hanyarmu, riƙe da leda cike da irin akwatunan nan marasa zurfi, magini yana kwaɓa siminti yana jiransa. Na tsayar da babur na yi masa magana, ya gaishe ni da fara'a, ya kuma tambaye ni yaya wutar gida.